Marufin kwalba 15 da katin kwali: koyar da auna amfani da illa a ajin Turanci

Ka ce wa ɗalibin JHS (ƙaramar sakandare) a unguwar Asawase ko Aboabo ta Kumasi ya kawo amfanin wayar hannu da illolinta, nan take zai jero maka biyar-biyar. Ka tambaye shi to wanne ya rinjayi wani, sai ya hau sosa ƙeya. Jerawa ya iya, awo ne bai iya ba, ga shi kuwa awon ne masu duba takardun BECE da WASSCE, jarrabawar kammala JHS da ta kammala babbar sakandare, suke nema a tambayar muhawara.

Matsalar ba ta tunani ba ce. Yarinyar da ke taya uwarta ciniki a kasuwar Kejetia kullum tana auna riba da asara da Hausa da Twi, ba ta tuntuɓe. Abin da ta rasa shi ne kalmomin Turancin da ke ɗaure magana da kishiyarta. Guda biyar sun isa a fara da su: however, although, whereas, on the other hand da outweigh. Malamin da ya cika allo da ashirin a rana ɗaya zai tarar ba ko ɗaya da ta zauna.

Da wasa za a koyar da su. Wasan farko shi ne sarƙa. A raba aji biyar-biyar, ajin mutum 60 ya zama rukuni 12. A yanka kwalin sabulu ko na Milo, a rubuta kalma ɗaya a kowane kati, a kife su a tsakiyar tebur. Kowane rukuni ya samu saiti biyu na kalmomi huɗun farko, a ajiye outweigh sai wasa na gaba. Batun ya zama abin da suke hawa kullum, misali pragya (keken haya mai ƙafa uku) da trotro (ƙaramar bas ta haya). Na farko ya ce "Pragya is faster in traffic." Na biyu ya ɗaga kati, duk kalmar da ta fito da ita zai kawo kishiyar maganar cikin daƙiƙa 10. Makin na wanda ya yi amfani da kalmar daidai ne. Idan aka kuskura aka ba wanda ya riga kowa magana, wasan ya koma gasar ihu.

Kuskuren da zai fito, kuma sai ya fito, shi ne "Although pragya is fast but it is dangerous." Daga gida aka zo da shi, domin da Hausa "duk da cewa yana da sauri, amma akwai haɗari" magana ce lafiyayya. Turanci ɗaya yake ɗauka, ko although ko but. Kada malami ya katse yaro a tsakiyar jimla, yin hakan na kashe bakin masu kunya har ƙarshen darasi. A naɗa alƙali a kowane rukuni, a ba shi jan kati, ya ɗaga idan ya ji su biyun tare, mai maganar ya gyara da kansa ya karɓi rabin maki. Sai kuma whereas, wadda yara ke cusa ta ko'ina. Ita abu biyu mabambanta take gwadawa, pragya a nan trotro a can, although kuwa abu ɗaya take duba ta fuska biyu. Rubuta misali ɗaya na kowacce a kusurwar allo, a bar shi mako guda ba a goge ba.

Wasa na biyu ya fi na farko amfani nesa ba kusa ba. Kowane ɗalibi ya samu marufin kwalbar lemo uku, wato 15 ke nan a rukuni. Da gangan aka zaɓi lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, don kada a ce an yi canjaras a tsere wa yanke hukunci. Rukuni ya rubuta amfani uku da illa uku a takarda, sannan kowa ya ɗora marufansa a kan hujjar da ya ga ta fi nauyi, yana faɗin dalili da Turanci kafin ya saki. Ga 'yan JHS 3, makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo batu ne mai ja, tunda su ne za su zaɓi makarantar gaba, kuma tun da aka fara karatun sakandare kyauta a Ghana a 2017 ake wannan mahawara a gidajen zango. Za ka ga marufi takwas sun taru a kan "nisa da iyaye" alhali sauran illolin biyu ba ko ɗaya. A nan yaro yake gane cewa hujja ɗaya mai ƙarfi tana iya danne uku marasa ƙarfi. Daga nan wakilin rukuni ya miƙe ya fara da "The advantages outweigh the disadvantages because", ko akasin haka. Kada a zuba marufan duka a hannun mutum ɗaya. Mai babbar murya zai raba su shi kaɗai, 'yan matan da ke gefen benci su zama 'yan kallo.

Akwai kuma sauya gefe: layi biyu suna fuskantar juna, malami ya tafa bayan minti ɗaya, kowa ya koma kare abin da yake suka ɗazu. Yana da kyau don ɗumama aji, minti biyar ya wadatar.

Zaɓen batu na iya rusa komai. Siyasar NPP da NDC, addini, ko ƙwallon Kotoko da Hearts, da an taɓa su Turanci ya gudu, aji ya koma Twi da Hausa da buga tebur. MoMo (kuɗin cikin waya) da kuɗi a hannu, ko ruwan leda da na famfo, sun fi zama lafiya. Ba laifi a ba su minti biyu su shirya hujja da harshen gida, hana hakan ba ya ƙara Turanci, hujjar kawai yake ragewa.

A darasin minti 40, a bar goman ƙarshe don rubutu, ko da wasan bai ƙare ba. Kowa ya rubuta jimla biyar a kan batun da aka buga: amfani biyu, illa biyu, hukunci ɗaya, da aƙalla kalmomi uku daga katunan. A rubuce ne ake kama kuskuren da baki ke ɓoyewa, musamman waƙafi da ake sakawa kafin however a inda aya ya kamata. Waɗannan jimloli biyar su ne ƙashin bayan rubutun kalma 450 da WASSCE za ta nema daga baya.