Godiya: Autana Ya Sauka Lafiya

Alhamdulillahi. Jirgin ruwan ya shigo tasha, autana ya taka ƙasa da ƙafafunsa, na rungume shi ina jin warin gishiri a rigarsa. Jikina duk a mace yake saboda rashin barci, amma ba zan kwanta ba sai na sauke wannan nauyi na godiya.

Kun san yadda aka yi, ya tafi tseren manyan jiragen filafilai (jiragen ruwa masu tafiya da iska) da matasa ke aiki a cikinsu, sauran ba sai na maimaita ba. Dare ɗaya kawai zan faɗa, daren da ɗigon jirginsu ya tsaya cak a taswirar da nake bibiya a waya, suna tsakiyar Tekun Arewa, ga sanarwar iska mai ƙarfi. Na dinga latsa wayar har yatsana ya yi zafi. Ƙanena, kawun yaron, ya hana ni ambatonsa, to ka yi haƙuri, sai na ambace ka. Kai ka zauna da ni a waya har asuba kana nanata mini cewa na'urar da ke nuna inda jirgi yake da rediyo take aiki, idan jirgi ya yi nisa da gaɓa tashoshin ƙasa ba sa kama shi, sai ɗigon ya daskare alhali jirgin na tafiyarsa. Ka faɗa ya fi a ƙirga, muryarka ba ta taɓa nuna ƙosawa ba. Allah Ya tsaya maka ranar da kake neman mai tsaya maka.

Sai da ya dawo na ji abin da ke faruwa a can a wannan daren. An raba su rukuni uku, kowane rukuni awa 4 yana gadi, awa 8 yana hutu, dare da rana. Nasa gadin ya faɗo tsakar dare, amai ya galabaita shi, ya rakuɓe yana kuka a ɓoye. Shugabar rukuninsu, matashiya ce da ba ta girme shi sosai ba, ta duba ƙugiyar ɗamarar tsaronsa da hannunta, ta ba shi ruwa, sannan ta kai shi ga sitiyarin jirgin ta ce ya riƙe, ya ɗaga kai ya riƙa duban nesa. Ta tsaya a bayansa har gadin ya ƙare. Bayan iska ta lafa, ita ce ta hau tsanin igiya tare da shi zuwa saman jigo suka kwance filafili. Yaron da tun rasuwar mahaifinsa ba ya haɗa ido da kowa! 'Yata, ba na jin yarenki, ba ki jin nawa, amma Allah Ya san ki. Allah Ya kare ki a kan ruwa da tudu, Ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki.

Kyaftin da ma'aikatansa, malamin da ya cike masa takardun neman tallafi, maƙwabciyata da ta riƙe mini gida, da ku da kuka yi ta addu'a ba ku taɓa ganinsa ba, Allah Ya saka da alheri, Ya yaye muku damuwarku, Ya shirya zuri'arku, Ya jiƙan magabatanku.

Akwai waɗanda jininsa ne, suka ce na jefa maraya a ruwa. Na ɗauka ko don hakan za su kira su tambayi lafiyarsa a wancan daren. Shiru har yau. Ba komai, Allah Ya bar zumunci.

Masu tambayata ta akwatin saƙo: wannan tsere na manyan jiragen filafilai ya samo asali tun 1956, daga Torbay ta Ingila zuwa Lisbon ta Fotugal, kuma ƙungiyar Sail Training International ke shirya shi yanzu. Ƙa'idarsu ita ce aƙalla rabin mutanen kowane jirgi su zama 'yan shekara 15 zuwa 25, kuma ba a buƙatar yaro ya taɓa hawa jirgi. Aiki ne na gaske, jan igiya, wanke doron jirgi, tashin dare; tafin hannun autana duk ya yi kanta. Wanda na ga kiransa ban ɗaga ba, zan neme shi idan na farfaɗo, in sha Allahu.