Kafin ki miƙa wa 'yar raino ɗanki

Ranar Asabar na je gidan 'yar ƙanwata, na tarar tana ɗaura ɗankwali za ta biki. Ta miƙa ɗanta mai rarrafe ga wata yarinya da ba ta wuce shekara 12 ba, ta ce mata, "Ki kula da shi," ta fita tana danna waya. Ga gorar kalanzir a gindin risho, ga bokiti cike da ruwa a tsakar gida. Gabana ya faɗi, domin waɗannan kalmomi huɗu ne kaɗai ni ma na taɓa faɗa.

Lokacin ina koyarwa a Zariya, aka kawo mini yarinya daga ƙauye don ta riƙe mini ɗana mai shekara ɗaya da rabi. Ban nuna mata komai ba, na ɗauka duk 'yar da ta goyi ƙannenta ta iya raino. Kalanzir ɗina kuwa a kwalbar lemo nake zuba shi. Yaron ya kurɓa, ita kuma ta yi abin da ta ga ana yi a gidansu, ta ɗura masa manja, ta sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Likita ya bayyana mini cewa aman ne ya fi cutar da shi, saboda kalanzir kan shige huhu ya jawo ciwon haƙarƙari. Mun yi kwana tara a asibiti. Na mari yarinyar, na mayar da ita garinsu, kuma har yau abin yana ci mini rai. Sai dai a wancan zamani babu wayar hannu, maigidan yana tafiya, uwar mijina tana nesa, albashin kuwa ba zai ɗauki babbar mace ba. Me zan yi? Duk da haka, ni na ajiye kwalbar a ƙasa.

Ku da kuke da waya a hannu dare da rana, wane uzuri gare ku? Ki zaga gida da mai rainon, ki ɗauke kalanzir da fiya-fiya da magunguna zuwa sama a gabanta, ki zubar da ruwan bokiti, ki rufe rijiya. Ki gaya mata da bakinki cewa idan yaro ya sha wani abu, kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai, asibiti za a nufa. Ki rubuta lambarki da ta maƙwabciya da lambar kiran gaggawa ta 112 a bango. Gaskiyata ita ce kada ki bar wa yarinya jariri ko kaɗan. In kuma dole ce, ki yarda da ita, ki ciyar da ita ta ƙoshi, ki daina tsawa, domin mai tsoron duka ɓoye miki za ta yi idan yaro ya faɗi.

Ban bar gidan ba sai da 'yar ƙanwar tawa ta dawo bayan magariba. Ta ce, "Haba Inna, ai ba abin da zai faru." Na ɗauki gorar na ɗora kan kabad da hannuna.