Aya ɗaya da ta ja mini maimaita zango

Jibi zan tattara kayana in bar makarantar Littafi Mai Tsarki, kuma 'yan aji ɗaya sun dame ni sai na rubuta musu abin da na koya. To, ga shi. Yawancinsa daga rana ɗaya ya fito, ranar gwajin wa'azina a shekara ta biyu.

Matiyu 2:15 aka ba ni, inda aka gudu da jariri Yesu zuwa Masar saboda Hirudus, Matiyu kuma ya ce hakan ya faru ne domin a cika faɗar annabi cewa daga Masar na kirawo ɗana. Na shirya sosai. Na tsaya na ce Annabi Yusha'u ya hango wannan tafiya tun shekara 700 da wani abu kafin a haifi Almasihu, ya faɗe ta dalla-dalla. Har da buga tebur.

Baba Rabaran da ke koya mana tafsiri bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, "Ɗana, buɗe Yusha'u 11:1 ka karanta mana daga farkon ayar." Na karanta: sa'ad da Isra'ila yake yaro na ƙaunace shi. Ya ce in ci gaba. Aya ta 2 ta ce sun miƙa wa Ba'al hadaya, sun ƙona wa gumaka turare. Sai ya cire tabarau ya tambaye ni, "Jaririn ne ya yi wa Ba'al hadaya?" Aji ya fashe da dariya. Ya ba ni makin da ya sa na maimaita darasin zango guda.

Gaskiya tana wurinsa, ban musa ba. Yusha'u baya yake kallo, zuwa fitowar Isra'ilawa daga Masar a zamanin Musa. Abin da ya ɗauke ni wata da watanni kafin in gane shi ne Matiyu ya san haka sarai, domin Bayahude ne da ya tashi da waɗannan littattafai. "Cikawa" a bakinsa ba kullum take nufin an yi duba ya tabbata ba. Yana nuna Yesu yana bin sawun al'ummarsa ne: ya fito daga Masar, ya bi ta ruwa a Urdun, ya yi kwana 40 a jeji inda su suka yi shekara 40, ya tsaya a inda suka faɗi. Kamar ƙwarya ce da aka zuba wa ruwa rabi, aka zo daga baya aka cika ta.

Da na koma da wannan ido ga Ishaya 7:14, ayar da ta ce budurwa za ta haifi ɗa mai suna Immanuwel, wadda Matiyu ya ɗora a kan haihuwar Yesu, sai na ga Sarki Ahaz a tsorace, Rezin na Suriya da Feka na Isra'ila sun taso masa. Alamar Immanuwel shi aka fara ba, aka ce kafin yaron ya san ƙin mugunta da zaɓen nagarta, ƙasar sarakunan biyu za ta zama kufai. Dimashƙu kuwa, babban birnin Suriya, ta faɗi a hannun Assuriyawa a shekara ta 732 kafin haihuwar Almasihu. Kalmar Ibrananci "alma" da ke cikin ayar budurwa ce a ma'anar yarinya matashiya, fassarar Helenanci kuma ta sa "partenos", wato wadda ba ta san namiji ba, ita Matiyu ya ɗauka.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ku ce Yahudawa taurin kai ne ya hana su ganin Yesu a cikin waɗannan ayoyi. Malaminsu Rashi, wanda ya rasu a 1105, ya karanta bawan nan mai shan wahala na Ishaya 53, wanda Kirista ke ɗauka Yesu ne, a matsayin Isra'ila, kuma Ishaya kansa ya kira Isra'ila bawa a 41:8. Kada ku ɓata dare kuna neman ayar "za a kira shi Banazare", wadda Matiyu ya ce faɗar annabawa ce, a Tsohon Alkawari, ba za ku same ta da waɗannan kalmomi ba. Ku karanta aya ta gaba kafin ku buɗe baki.

In kuwa Baba Rabaran ne zai saurari gwajinku, ku durƙusa ku gaishe shi yadda ya kamata, ku rubuta duk abin da ya faɗa. Ni dai ina zaune a benci na uku ranar Kirsimetin bara da ya hau bagade ya ce annabawa sun hango tafiyar Masar tun da daɗewa. Ba wanda ya ce masa ya karanta aya ta 2.