Yadda na koyi sarrafa "passive voice" a lokutan Turanci

Aikin rubuta rahoton taro a ofis ne ya tilasta mini na zauna na koyi tsarin da masana nahawun Turanci ke kira "passive voice", wato jimlar da ake gabatar da karɓau (abin da aikin ya faɗa wa) a cikinta, a jinkirta aikau (wanda ya yi aikin) ko a bar shi gaba ɗaya. Na san tsarin tun ina shirin jarrabawar WAEC, amma sanin hadda ne, wanda bai isa mutum ya zauna ya tsara rahoto da shi ba, alhali kusan kowane layi na rahoton yana buƙatarsa, domin abin da aka zartar ake so a rubuta, ba wanda ya kawo shawarar ba.

Abin da ya warware mini ƙullin shi ne ɗaukar jimla guda na bi da ita ta kowane lokaci a bayan wata tsohuwar takarda, ina ajiye Hausarta a gefe. "The letter was written" ta zo daidai da "an rubuta wasiƙar", "is being written" ta dace da "ana rubuta ta", "will be written" kuma da "za a rubuta ta", sannan "letters are written daily" ta hau kan "akan rubuta wasiƙu kullum". Da na dubi jerin daga sama zuwa ƙasa sai na ga "written" ba ta motsa ba ko kaɗan. Kalmar "be" ce ke sauya kama (ta zama "was", "is being", "will be" ko "are") tana ɗauke da lokacin, kamar yadda an, ana, akan da za a suke yi a harshenmu. Daga nan aikin ya ragu zuwa sanin siffofin "be" da kuma siffa ta uku ta aikatau (kalmar aiki), irin "written" daga "write", wadda a kalmomi irin su "take" da "give" ba ta bin ƙa'ida, sai dai a haddace ta.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin da "an" ɗinmu guda ke rabuwa uku. Idan an ambaci lokacin da abin ya faru, kamar jiya ko shekarar 2020, "was written" ake so. Idan ba a ambace shi ba kuma tasirin aikin yana nan har yanzu, sai "has been written". Idan kuwa aikin ya riga wani aikin da shi ma ya wuce, to "had been written" ce. A nan ne kuma "been" da "being" ke rikita mai koyo saboda kusancin furucinsu, ko da yake rabuwarsu a fili take: ta farko tana bin "has", "have" ko "had", ta biyu kuma tana bin "is", "are", "was" ko "were".

Kwatancin da Hausa yana da iyaka, kuma na ga ya kamata mai koyo ya san ta da wuri. Muna cewa "an zo" da "an tafi" ba tare da matsala ba, amma Turanci bai yarda aikatau ƙi-karɓau, wato waɗanda aikinsu ba ya faɗa wa wani abu, irin su "happen", "die" da "arrive" su shiga wannan tsari ba, shi ya sa "it was happened" da ake yawan gani a wasiƙu kuskure ne. Haka nan Turanci yana iya dawo da aikau ta hanyar "by", mu kuwa sai mu juya jimlar mu fara da shi. A rahotannina, duk inda aka zo kan kashe kuɗi ko ɗora wa wani alhakin aiki, nakan ajiye wannan tsari in fara jimlar da sunan mutumin, domin mai karatu ya san wanda zai tuntuɓa.