Rayuwata a Tsibirin Hirta, Kashi na Shida: Bangon Conachair da Mazaunansa

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a bakin ruwan ƙauyen Hirta, inda ƙaramin kwalekwale yake sauke mutum. Wannan makon zan jingine labarin kaina, domin abin da zai biyo baya ba zai fahimtu ba sai an san dutsen da ake magana a kansa.

Ga wanda bai biyo mu tun farko ba, Hirta shi ne babba a tsibiran St Kilda na ƙasar Sikotland, kimanin kilomita 64 daga tsibirin North Uist, can cikin Tekun Atlantika. Asalin mutanen wurin an kwashe su ranar 29 ga Agusta 1930, su 36 da suka rage.

Daga ƙauyen ba a ganin bangon dutsen Conachair ko kaɗan, kuma nan yaudarar take. Tudu ne kawai mai ciyawa, tumaki suna kiwo, ga ƙananan rumbunan dutse birjik, waɗanda mutanen wurin suke adana busasshen nama da ƙwai a ciki a da. Mutum ya yi ta hawa ta kwarin da ke bayan ƙauyen har ya isa giɓin da ke tsakanin tuddan Oiseval da Conachair, sai kawai ƙasa ta ƙare a gabansa, ba sallama. A hagu Conachair ne, tsayinsa mita 430, gefensa na arewa ya sauka tsaye har cikin ruwa. Duk Birtaniya babu bangon teku da ya kai shi. A gaba kuma, kamar kilomita 6, ga tsibirin Boreray da ginshiƙan dutse biyu da suka fito daga teku a gefensa: Stac an Armin mai mita 196 da Stac Lee mai mita 172. Farin da ke kansu ba ƙanƙara ba ce. Tsuntsaye ne da kashinsu.

Kafin a kalli komai, a san cewa ba dutsen ne abin tsoro ba, ciyawar ce. Gajeriya ce, kullum a jiƙe, kuma ta karkata zuwa baki. Wanda ya zauna a kanta da wandon ruwa na roba ya zauna a kan santsi, in ya fara sulalewa babu abin kamawa. Mita biyu ko uku na ƙarshe a kan ciki ake yin su, kai a gaba, jaka a baya can nesa da baki. Iska kuma ba ta da amana a nan. Idan tana bugowa daga teku takan daki bangon ta miƙe sama, mutum ya ji kamar tana tokare shi, ya saki jiki ya jingina da ita. Daƙiƙa ɗaya za ta ɗauke. In hazo ya sauko, kuma yakan rufe kan Conachair alhali ƙauyen yana cikin rana, a zauna inda ake a jira. Neman hanya cikin hazo a wurin da ƙasa take ƙarewa ba jarumta ba ce.

Da farko ido ba ya ganin komai sai hayaniya. Sai an yi minti goma da madubin hangen nesa za a gane bangon gidan bene ne, kowa da hawansa. A ƙasa, sama kaɗan da inda raƙuman ruwa suke kaiwa, akwai kitiwek, mai kama da farar tattabara, wadda take manna sheƙar laka da ciyawar teku a jikin dutse. Gilimot suna cunkushe a kan siraran dakalai kafaɗa da kafaɗa, ba sheƙa, ƙwai ɗaya mai tsini a gefe guda a kan dutse tsirara. Ɗan gilimot yana da mako uku kacal, fiffikensa bai gama ba, yake dirowa cikin teku da magariba, uban yana biye da shi. Fafin, mai baki ja da rawaya, ba ya son tsayayyen bango. Gangaren ciyawa yake haƙa rami a ciki, shi ya sa aka fi samunsa a tsibiran Dùn da Soay da Boreray.

Amma mai gidan Conachair shi ne fulma. Toka-toka ne da fari, yana shawagi da fiffike a sandare, ba ya kaɗawa sai jefi-jefi. Kafin 1878, St Kilda kaɗai yake haihuwa a duk Birtaniya. Ƙwai ɗaya yake yi a shekara, ya kwanta kansa kusan kwana 50, kuma yakan haura shekara 40 a duniya. Makaminsa mai ne da yake tarawa a ciki. In aka matso, ko da ɗan da ke sheƙa ne, sai ya feso shi fiye da mita ɗaya. Tsuntsun da man ya taɓa gashinsa yakan daina hana ruwa shiga, rigar da ya taɓa kuwa wanki ba ya fid da warinta. Mutanen Hirta da wannan mai suke kunna fitila, da shi da gashin tsuntsaye suke biyan hayar ƙasa. A watan Agusta suke sauka da igiyar gashin doki ko ta fatar saniya, babu takalmi, su cafke wuyan ɗan tsuntsun kafin ya feso, domin in ya zubar an yi asarar rabin aikin. Su juye man a busasshen tumbin ganet, wani babban farin tsuntsun teku.

Ganet ɗin kansa sai a Boreray da ginshiƙanta, inda aka ƙirga kimanin sheƙa dubu 60. Fiffikensa a buɗe ya kusa mita biyu. Daga tsayin mita 30 yake naɗe jiki ya soki ruwa kamar mashi, ba shi da ƙofar hanci a waje, kuma akwai jakunkunan iska a ƙarƙashin fatar ƙirjinsa masu tare bugun. Ƙwansa da tafin ƙafa yake rufe shi. Stac an Armin ɗin nan, da ko kallonsa yana sa jiri, maza uku da yara takwas sun yi wata tara a kansa daga 1727 zuwa 1728, saboda annoba ta kwantar da Hirta, ba mai zuwa ɗauko su.

Yanzu ƙirga, wanda shi ne aikin da ke kai yawancin ma'aikata bakin bangon. Ana ɗaukar hoton fuskar dutsen a raba ta gida-gida da tsaga ko dakali, kuma kowace shekara daga wuri ɗaya ake zama, in ba haka ba adadin bana ba zai gwadu da na bara ba. Fulma ba kai ake ƙirgawa ba, mazauni ake ƙirgawa: tsuntsu a kwance daram a wurin da zai iya riƙe ƙwai. Watan Yuni ne lokacinsa. Wanda ya yi gaggawa ya ƙirga a Mayu zai tarar da dakalai wayam, ya ɗauka annoba ce, alhali tsuntsayen sun tafi teku tara ƙiba kafin saka ƙwai. Kuskure na biyu shi ne samari: fulma yakan kai shekara takwas ko tara kafin ya fara haihuwa, amma yana zuwa ya zauna kamar mai gida. Shi ya sa ake komawa sau da dama. Gilimot kuwa kai ake ƙirgawa, tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma, ba a cikin ruwan sama mai ƙarfi ko iska mai yawa ba, don yawansu a dakali yana hawa da sauka da yanayi. Ramin fafin ana duba bakinsa ne: sabuwar ƙasa, farin kashi, ɗan kifin da ya faɗi. A wasu tsibiran ramin zomo yana rikita lissafi, St Kilda kuwa babu zomo.

Babu gafiya ko ɓeran jirgi kuma, sai ɓeran dajin tsibirin da ya kusa ninka na babban yankin Birtaniya nauyi. Duk tsuntsun da ke kwana a rami da wannan rashin yake rayuwa, shi ya sa hankali ya tashi a 2008 da wani jirgin kamun kifi ya daki duwatsun Hirta, aka baza tarkuna ko ɓeraye sun sauko daga cikinsa. Ba a samu komai ba.

A hanyar dawowa akwai sauran mai karɓar haraji: bonksi, ƙaton tsuntsu mai ruwan ƙasa da ke sheƙa a filin saman tudun. Yana zuwa ta baya a guje, ya daki ƙeya da ƙafa. Mafi tsawon abu yake hara, don haka a ɗaga sanda sama da kai, a yi ta tafiya, kada a yi gudu, musamman in baki yana kusa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma bangon da dare, lokacin da wasu ƙananan baƙaƙen tsuntsaye suke shigowa daga teku, waɗanda da kunne ake ƙirga su.