Laraba, dawowa daga Kano

Alhamdu lillahi mun sauka lafiya. Abban Walid ya ɗauko mu a Ikeja, muka sha gosulo a Agege Motor Road har aka kira magariba. Yara sun wawashe kilishin Yaya Balaraba tun ban cire mayafi ba. Hajiya ta yi sallah ta kwanta.

Ni dai wata yarinya ma'aikaciyar jirgin da muka shigo ce ta tsaya min a rai.

Sabuwa ce, kallo ɗaya za ka yi mata ka gane, kuma ba za ta wuce sa'ar Ummi ba. Kano zuwa Legas tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. A cire lokacin tashi da na sauka, da dole kowa ya zauna ya ɗaura bel, ɗan abin da ya rage a cikinsa za a bi mutum sama da ɗari da ruwa da cincin, a dawo a kwashe shara. Ta turo keken abinci ta tsaya a layinmu, ta manta ba ta taka masa birki ba. Jirgi ya ɗan jijjiga, keken ya gangara ya daki gwiwar wani Alhaji, lemon kwali ya malale masa a farar shadda. Ya yi faɗa, ban kuma ga laifinsa sosai ba. Ta durƙusa tana goge masa, hannunta na karkarwa, tishun na narkewa yana barin burbushi a jikin rigar.

Wadda ta ƙona min rai babbarsu ce. Maimakon ta karɓi keken ta ce mata je ki sha ruwa, sai ta rufe ta da faɗa da Turanci a gaban kowa, har da nuni da yatsa. Shi ke nan yarinya ta rikice. Mai son ruwa ta miƙa masa lemo, ta tsallake layi guda sai da aka kira ta.

Da ta zo kanmu Hajiya ta riƙo hannunta ta ce, "Sannu 'yar nan, kwantar da hankalinki. Wa aka haifa da iyawa?" Ashe tana jin Hausa. "Na gode Mama," ta ce, idonta taf da ƙwalla.

Mutane sun ɗauka raba biskit ne aikinsu. Sai sun yi horo, wasu a kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964, sannan NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta ba su lasisi. Suna koyon kashe gobara, taimakon gaggawa, buɗe ƙofa, da fitar da fasinjoji kaf cikin daƙiƙa 90. Shi ya sa ƙa'ida ta ce duk kujera 50 ma'aikaci ɗaya. To wadda aka karya wa zuciya a gabanmu saboda lemo, ran da Allah ya kiyaye wani abu ya faru, da wane ƙarfin hali za ta daka mana tsawa mu bi ta? Wannan ne ya hana ni sukuni har muka sauka.

An ɗauke wuta, janareton maƙwabta ya ishe ni. Gobe sai kasuwar Mile 12, ba tumatir ba attarugu a gidan. Na ce wa Abban Walid ya nemo min imel ɗin kamfanin kafin ya fita, zan rubuta musu a kan babbar.