Jera kiɗan buɗe shirye-shiryen tele: abin da aikin ke koyarwa

Kiɗan buɗe shiri, wanda mu a Yamai muke ce wa jenerik, kira ne. An tsara shi don ya taso mutum daga tsakar gida ko daga madafa: labarai sun fara, fim ɗin dare ya shigo. Shi ya sa yake gajere, daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya da rabi, kuma da ƙarfinsa yake faɗowa. Wanda ya tara irinsa ashirin ya saki ba tsari, kafin shayi na biyu ya nuna a fada wani zai miƙa hannu ya kashe bafil.

Tun wajen ɗauka ake ɓata aiki. Kara salula a bakin tele yana kwaso ƙarar fanka da kukan yara. A ja waya daga bayan dikoda, ramukan nan biyu ja da fari, zuwa kwamfuta. In aka ji wani gunji a ƙasa-ƙasa, yawanci na wutar lantarki ne, mai 50 Hz. A cire cajar kwamfuta ta yi aiki da batirinta, sau da yawa sai ya ɗauke. A Audacity, manhajar gyaran sauti da ake samu kyauta, a bar rabin daƙiƙa kafin bugun farko, a ƙarshe kuma a dusashe sautin cikin daƙiƙa biyu, don ƴan wasa kan fara magana tun kiɗan bai gama sauka ba.

Daidaita ƙarfin sauti shi ne inda mutane suka fi yin ganganci. Da LUFS ake auna matsakaicin ƙarfin sauti: ma'aunin tashoshin Turai -23 ne, manyan dandalin kiɗa na intanet kuwa wajen -14, wanda ya fi shi ƙarfi. Ka haɗa su haka nan, sai mai sauraro ya ƙara murya a wannan, na gaba ya tsorata shi. A kai kowane fayil ma'auni ɗaya, -16 ya wadatar. Daidaita ƙololuwar sauti kaɗai ba ya magance wannan, tun da kunne matsakaicin ƙarfi yake ji.

Sai jerin kansa, kuma nan daɗin yake. Jenerik ɗin labarai, na Télé Sahel ne ko na wata tasha, kakkausa ne, kada a haɗa biyu kai da kai. A bi shi da mai sanyi, na finafinan Brazil ko Meziko da aka juya zuwa Faransanci, sannan na Indiya, sannan na shirye-shiryen Hausa masu zuwa daga Kano. A ganina jerin da ya fi zama a rai shi ne wanda ya bi tsarin yammacin gida: na yara da la'asar, labarai bayan isha, fim mai dogon zango a ƙarshe. Za ka ga dattijuwa ta ɗago kai tun a bugu na uku, ta faɗi sunan shirin kafin kowa. Guda 20 zuwa 25, wajen rabin awa, sun isa.

MP3 mai 128 kbps yana cin kusan mega ɗaya a minti, jerin duka bai wuce mega 30 ba. Lambobin su zama 01, 02, 03. In ka rubuta 1, 2, 3, na'ura za ta sa 10 kafin 2. Ƙananan bafil da yawa ma ba ruwansu da suna, tsarin da aka zuba fayilolin suke bi, don haka a share kart memwar a zuba su ɗaya bayan ɗaya. A sunan kowane fayil a sa tasha da shekarar ɗauka, domin tashoshi kan sauya jenerik ba sanarwa, tsohon kuma samunsa sai an sha wuya.